Fim Ɗaya, Kwafi Barkatai: Yadda Za a Bambance Faya-fayan Metropolis

Ranar 1 ga Janairun 2023 wa'adin haƙƙin mallakar fim ɗin Metropolis ya ƙare a Amurka, bayan cikar shekaru 95 da fitowarsa, abin da ya ba kowane kamfani da kowane mutum a ƙasar damar kwafarsa, ya sayar ko ya ɗora a intanet, ba tare da neman izinin kowa ba. Wanda ya tashi neman fim ɗin a yau, ko a faifai ko a YouTube, zai tarar da abin da ke ɗaure kai. Sunan ɗaya ne, daraktan ma Fritz Lang ne a ko'ina, amma wani kwafin bai kai awa ɗaya da rabi ba, wani ya ɗan haura awa biyu, wani kuma ya doshi awa biyu da rabi. A wani hoton fari da baƙi ne, a wani an rina shi da launuka. A wani ana jin babban taron makaɗa irin na Turai, a wani kuma waƙoƙin zamani na shekarun 1980 ne ke tashi. Wannan bambanci ya samo asali ne daga abin da aka yi wa fim ɗin watanni kaɗan bayan fitowarsa a 1927, da kuma ƙoƙarin shekaru da dama na harhaɗa abin da aka zubar.

Kalmomin da ya kamata a sani

Fim marar magana shi ne wanda aka ɗauka kafin a fara haɗa murya da hoto a ƙarshen shekarun 1920. Ba a jin bakin 'yan wasa, sai dai a riƙa saka allon rubutu tsakanin fitowa da fitowa, mai ɗauke da abin da aka faɗa ko bayanin wuri. Duk da haka ba a cikin shiru ake kallonsa ba, domin a manyan gidajen sinima makaɗa ne ke zama a gaban allo suna bin hoton da kiɗa.

Hoton kansa yana kan zaren fim ne mai faɗin milimita 35. Zaren da ya fito daga cikin kyamara shi ake kira negatif, kuma daga gare shi ake wanko kwafe-kwafen da ake rarraba wa gidajen sinima. Duk lokacin da aka kwafi kwafi, hoton yana raguwa a kaifi, shi ya sa masu gyaran tsofaffin fina-finai ke fara neman zaren da ya fi kusa da negatif. Har zuwa wajen 1950 ana yin zaren ne da sinadarin naitiret, wanda ke kamawa da wuta cikin sauƙi kuma yake ruɓewa idan ya daɗe. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finai marasa magana da aka yi a Amurka sun ɓace gaba ɗaya.

Sai kuma gudun hoto, wato adadin hotunan da ke wucewa a gaban ido cikin sakan ɗaya. Da zuwan fim mai magana aka tsayar da shi a kan hotuna 24, amma kafin nan babu tsayayyar ƙa'ida, saboda da hannu ake juya kyamara, mai majigi kuma yana iya ƙara gudu ko ya rage. Wannan ne ya sa tsawon mintoci shi kaɗai ba ya nuna yawan abin da ke cikin kwafi, kuma masana suka fi auna tsohon fim da mita.

Yadda aka datse fim ɗin

Kamfanin UFA na Jamus ne ya shirya Metropolis, Thea von Harbou ta rubuta labarin, an kuma shafe kusan shekara ɗaya da rabi ana ɗauka, daga 1925 zuwa 1926, a kan kuɗin da ya kai kimanin Reichsmark miliyan 5. Labarin wani birni ne na nan gaba inda masu mulki ke zaune a saman dogayen benaye, ma'aikata kuma ke bauta wa injuna a ƙarƙashin ƙasa. Freder, ɗan mai birnin Joh Fredersen, ya bi wata budurwa mai wa'azi, Maria, zuwa ƙasan, yayin da wani mai ƙere-ƙere, Rotwang, ya ƙera mutum-mutumin inji mai kamanninta don ya tunzura ma'aikata.

An fara nuna shi a Berlin ranar 10 ga Janairun 1927, tsawonsa mita 4,189, wato kimanin minti 153 idan aka juya shi a kan hotuna 24, tare da kiɗan da Gottfried Huppertz ya tsara masa musamman. Wannan cikakken kwafi bai daɗe a kasuwa ba. UFA na cikin matsin kuɗi, kuma tun 1925 ya ƙulla yarjejeniyar bashi da rarraba fina-finai da kamfanonin Paramount da MGM na Amurka. Paramount ya ga fim ɗin ya yi tsawo ga 'yan kallonsa, sai ya ɗauko marubucin wasan kwaikwayo Channing Pollock, wanda ya zubar da fitowa da dama, ya sake rubuta allunan, ya sauya wa wasu mutanen labarin suna. A watan Agustan shekarar UFA ma ya fitar da nasa gajeren kwafin a Jamus, mai tsawon mita 3,241. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na fim ɗin ya fita ke nan.

Abin da aka cire ya taɓa ƙashin bayan labarin. Misali mafi girma shi ne Hel, matar da Rotwang ya so amma ta auri Fredersen, ta kuma rasu wajen haihuwar Freder. A cikakken fim, Rotwang ya ƙera mutum-mutumin ne don ya dawo da ita, kuma gabar da ke tsakaninsa da Fredersen daga nan ta taso. Da aka cire labarinta, sai Rotwang ya koma mahaukaci mai ɓarna ba dalili. Shekaru da dama masu sharhi suna sukar fim ɗin da cewa hotonsa ya ƙayatar amma labarinsa bai haɗu ba, alhali yawancinsu datsattsen kwafi suka gani.

Akwai wani ƙarin abin da ke rikita lissafi. Tun farko negatif uku aka haɗa, ɗaya don Jamus, ɗaya don Amurka, ɗaya don sauran ƙasashe, kuma ba daga ɗauka ɗaya aka haɗa su ba. Saboda haka fitowa guda tana iya bambanta a kusurwar kyamara ko motsin ɗan wasa daga wannan kwafi zuwa wancan, duk kuwa da cewa kowannensu daga hannun kamfanin ya fito.

Gyare-gyaren da suka gabata

Ma'ajiyar fina-finai ta Jamus ta Gabas ta kammala wani yunƙurin harhaɗawa a 1972. A 1987 Enno Patalas na gidan adana fina-finai na Munich ya fitar da nasa, bayan ya dogara da takardun hukumar tace fina-finai ta 1927, waɗanda ke ɗauke da ainihin kalmomin allunan, da kuma rubutaccen kiɗan Huppertz, don ya gano jerin fitowa da wuraren da ke da giɓi.

Tsakanin waɗannan biyu ne, a 1984, mai shirya kiɗa Giorgio Moroder ya fitar da kwafinsa mai kimanin minti 83. Ya rina hoton, ya mayar da yawancin allunan zuwa rubutu a ƙasan hoto, ya kuma saka waƙoƙi daga bakin mawaƙa irin su Freddie Mercury da Pat Benatar da Bonnie Tyler. Masu suka suna ganin ya mayar da aikin Lang wani abu dabam, kuma kalmomin waƙoƙin suna ɗora wa hoton ma'anar da ba tasa ba. Masu kare shi suna tunatar da cewa ya nemo guntaye daga ma'ajiyoyi, ya yi amfani da hotuna marasa motsi don cike wasu giɓin, kuma ta hannunsa ne matasa da yawa na wancan lokacin suka fara ganin fim marar magana. Kamfanin Kino ya fitar da wannan kwafi a Blu-ray a 2011, don haka har yanzu yana yawo a kasuwa da sunan Metropolis.

Gyara mafi muhimmanci kafin 2008 shi ne wanda Gidauniyar Friedrich Wilhelm Murnau da ke Wiesbaden ta ɗauki nauyi, Martin Koerber ya jagoranta, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2001. An tsabtace hoton da kwamfuta, an dogara sosai da negatif ɗin da aka haɗa don Amurka, inda kuma fitowa ta ɓace aka saka allo mai bayanin abin da ya faru. A shekarar ce UNESCO ta saka fim ɗin cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya da aka adana a rubuce ko a hoto, ya zama fim na farko da ya shiga. Kino ya fitar da wannan gyara a DVD a 2003, mai kimanin minti 124, kuma a lokacin an ɗauka cewa iyakar abin da za a iya samu ke nan.

Gwangwanayen Buenos Aires

A 2008 aka tabbatar da cewa akwai kwafi kusan cikakke a gidan adana kayan fim na birnin Buenos Aires a Ajantina, wanda Paula Félix-Didier ke shugabanta a lokacin. Tarihin kwafin ya fara ne daga wani ɗan kasuwar fim, Adolfo Wilson, wanda ya ɗauki dogon fim ɗin zuwa Ajantina kafin datsattsen ya maye gurbinsa. Daga baya ya faɗa hannun mai sharhin fim Manuel Peña Rodríguez, daga nan zuwa wata hukumar gwamnati mai kula da fasaha, har ya isa gidan adanar a 1992. Masanin tarihin fim Fernando Martín Peña ya shafe shekaru yana zargin cewa kwafin ya fi na ko'ina tsawo, saboda ya ji wani tsohon mai shirya nune-nunen fim yana ba da labarin yadda ya taɓa danne zaren da yatsa a cikin majigi fiye da awa biyu don kada hoton ya riƙa rawa. Datsattsen kwafin da kowa ya sani bai kai ya gajiyar da yatsa haka ba.

Abin da aka samu ya kai kimanin minti 25 na fitowar da aka ɗauka ta ɓace tun 1927. A ciki akwai ma'aikaci mai lamba 11811, wanda Freder ya yi musayar tufafi da shi, ana ganinsa a cikin mota da kuɗi a aljihu, takardun talla suna shigowa ta taga, har ya kauce hanya ya nufi gidan rawa na Yoshiwara. Akwai ɗan leƙen asirin Fredersen, dogon siririn mutumin da Fritz Rasp ya fito a matsayinsa, yana bin sawun Freder yana kuma matsa wa Josaphat, tsohon mataimakin Fredersen da ya zama abokin Freder, lamba. Akwai katafaren gunkin kan Hel a bayan labule a gidan Rotwang. A fitowar ambaliya kuma, inda ake ceton yaran ma'aikata, an samu ɓangaren da yaran suka hau matakala suka tarar da ƙofar ƙarfe a kulle, ruwa na tasowa a ƙasansu. Kwafin ya kuma nuna ainihin jerin yadda aka haɗa fim ɗin, wanda ya sa aka gyara tsarin wurare da dama da a baya hasashe aka yi.

Sai dai kwafin ya zo da lahani babba. A shekarun 1970 an kwafe tsohon zaren mai milimita 35 zuwa ƙarami mai milimita 16 ba tare da an wanke shi ba, sannan aka lalata na asalin saboda haɗarin gobara. Duk karce da ƙura da ke jikin tsohon sun shiga cikin hoton sabon, sun zama ɓangarensa, kuma an yanke gefen hagu da saman hoton wajen kwafar. Kwamfuta ta rage lahanin amma ba ta iya kawar da shi ba. Masu gyaran sun zaɓi su bar waɗannan fitowa a ainihin girmansu, su cike gefen da ya ɓace da baƙi, maimakon su faɗaɗa hoton ya cika allo.

Irin wannan tsintuwa ba baƙuwa ba ce ga fim ɗin Hausa. A 2016 aka gano zaren Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin Berlin na 2018.

Sabon gyaran Metropolis, wanda Koerber da Anke Wilkening da jagoran makaɗa Frank Strobel suka yi, ya haɗa da wasu guntaye daga wani kwafi da ke New Zealand. An nuna shi ranar 12 ga Fabrairun 2010 a Berlin da Frankfurt, tsawonsa kimanin minti 148. Ana tallata shi da sunan cikakke, amma har yanzu akwai giɓin mintoci kaɗan, musamman wa'azin wani malamin coci da kuma faɗan Fredersen da Rotwang wanda ya ba Maria damar tserewa. Allon bayani ne ke tsaye a wurarensu.

Faifai biyu daga gyara ɗaya

A ƙarshen 2010 kamfanoni biyu suka fitar da wannan gyara a DVD da Blu-ray ga masu jin Turanci: Kino a Amurka, da Eureka a Birtaniya cikin jerinsa na Masters of Cinema. Tushen hotonsu ɗaya ne, kiɗan ma ɗaya ne, wato na Huppertz wanda ƙungiyar makaɗan rediyon Berlin ta kaɗa a ƙarƙashin Strobel. Dukansu suna ɗauke da wani shirin bayani kan tarihin fim ɗin da gyaransa.

Babban bambancin yana kan allunan rubutu. Kino ya maye gurbinsu da na Turanci, Eureka kuma ya bar na Jamusanci, ya saka fassarar Turanci a ƙasan hoto wadda mai kallo zai iya kunnawa ko kashewa. Masu goyon bayan hanyar Kino suna cewa haka aka saba yi tun zamanin fim marar magana, kowace ƙasa ana yi mata alluna da harshenta, kuma ido ba ya rabuwa biyu wajen karatu. Masu goyon bayan Eureka suna cewa allunan ɓangare ne na aikin, musamman da yake wasunsu an zana su suna motsi, kamar rubutun da ke gangarowa ƙasa idan ana maganar birnin ma'aikata, kuma barin na asali yana ba wanda ya ji Jamusanci damar auna fassarar. A kayan ƙari, Kino yana da hira da Félix-Didier, Eureka kuma yana da sharhin murya na David Kalat da Jonathan Rosenbaum wanda ke tafiya tare da fim ɗin, da ɗan littafi na maƙalu. Ga mai nazari, faifan Eureka ya fi cika. Ga wanda ke son kallo kawai, ratar da ke tsakaninsu ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta da ratar da ke tsakanin kowannensu da duk wani kwafi na kafin 2010.

Saɓani kan gudun hoto

Gyaran 2010 yana tafiya ne a kan hotuna 24 cikin sakan, kuma a wannan gudu wasu fitowa, musamman na guje-guje, suna yi wa ido sauri. Wasu masu nazari suna ganin 20 ya fi dacewa da motsin ɗan Adam, wanda da an bi shi, cikakken fim ɗin na 1927 zai ɗan haura awa uku. Masu gyaran sun kafa hujja da rubutaccen kiɗan Huppertz, wanda ke ɗauke da alamomi fiye da 1,000 da ke nuna inda kiɗa zai haɗu da wani motsi a hoto. Idan aka rage gudun sosai, sai an ja kiɗan fiye da yadda aka rubuta shi. An kuma san cewa gidajen sinima na ƙarshen shekarun 1920 sun saba juya fim da sauri fiye da yadda aka ɗauke shi. Tambayar da ke ƙarƙashin saɓanin ita ce ko faifai zai kwaikwayi abin da kyamara ta ɗauka ne ko abin da 'yan kallon 1927 suka gani, kuma babu wata takarda da ta raba gardamar.

Wani ƙaramin abu kuma yana shafar DVD kaɗai. Tsarin talabijin na PAL, wanda Turai da Nijeriya ke amfani da shi, yana juya hotuna 25 cikin sakan, don haka fim mai minti 124 yakan koma kimanin 119 a faifan Turai ba tare da an cire komai ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai kallo

Ƙarewar haƙƙin mallaka a 2023 ta Amurka ce kaɗai. A Jamus da sauran Tarayyar Turai ana ƙirga shekaru 70 ne daga rasuwar na ƙarshe cikin manyan masu aikin, kuma da yake Lang ya rasu a 1976, kariyar tana nan har ƙarshen 2046, a hannun Gidauniyar Murnau. Ko a Amurka ma, kiɗan da aka naɗa a 2010 da sababbin fassarori suna da nasu haƙƙin dabam. Kan hoton da aka gyara kuwa akwai ra'ayi biyu: ma'ajiyoyi suna cewa aikin da kuɗin da suka zuba sun cancanci kariya, wasu masana doka kuma suna cewa mayar da abu yadda yake ba ƙirƙira ba ce. Sakamakon wannan shi ne, wanda ke son fitar da kwafi kyauta ko mai arha ba tare da rigima ba yakan koma ga tsohon datsattsen zare, ya ɗora masa duk kiɗan da ya samu. An taɓa ganin haka, domin haƙƙin fim ɗin ya taɓa faɗuwa a Amurka a 1953 kafin a dawo da shi a 1996, kuma a wannan tsakanin ne kaset-kaset masu dishi-dishin hoto suka cika kasuwa.

Mai sayen faifai daga waje yana da batun kullen yanki. A tsarin Blu-ray, Afirka da Turai suna yankin B, nahiyar Amurka kuma yankin A, don haka faifan Birtaniya ya fi dacewa da na'urar da aka yi don kasuwar Afirka. A tsarin DVD kuwa Nijeriya da Nijar da Gana suna yanki na 5, Turai na 2, Amurka na 1, sai dai idan na'urar ba ta da kulle.

Ga wanda zai kashe datarsa a intanet, alamomi kaɗan sun isa. Tsawon da ya kusa minti 148 tare da fitowa masu karce da baƙin gefe a hagu da sama yana nuna gyaran 2010 ne, kuma wannan karcen shaida ce ta cewa kwafin yana ɗauke da ɓangarorin Ajantina. Hoto mai tsabta daga farko har ƙarshe, tsawon kimanin awa biyu, da alluna masu yawa da ke bayanin fitowar da ta ɓace, gyaran 2001 ne. Launuka da muryar mawaƙa na Moroder ne. Idan kuwa aka ga mai birnin ana kiransa John Masterman maimakon Joh Fredersen, ɗansa kuma Eric, to kwafin ya gangaro ne daga wanda aka sake wa rubutu don masu jin Turanci a 1927, kuma babu labarin Hel a cikinsa.